Talla da Ciniki ta Wayar Hannu a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Lacca ga Hakimai da Malamansu



A zamanin da, manomin auduga na ƙasar Funtuwa ba ya wahalar neman mai saye. Jirgin ƙasa ya bi ta garin tun da aka shimfiɗa hanyar Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ga kuma injinan gurza na Kamfanin B.C.G.A. a Funtuwa da Malumfashi. Hukumar Ciniki ita ke yanka kuɗin auduga kafin a buɗe kasuwa, a yi shela, manomi ya kai kayansa a duba daraja, a auna, a biya shi. A 1986 Gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Tun daga ran nan ya zama kowa shi zai nemo wa kayansa kasuwa, kuma ba manomi kaɗai ba, har da mai sayar da taki da iri, da mai injin niƙa, da tela, da mai awon filaye.

Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, sa'an nan Facebook da WhatsApp suka biyo baya. Yau fatke yana zaune a Ikko ko Fatakwal, sai ya ga hoton masarar da ke kasuwar Ɗandume tun ba a ɗora ta a mota ba. Wannan alheri ne. Amma waya sankira ce kurum, abin da aka ba ta shi ta ke faɗi, ba ta gyara kaya marasa kyau, ba ta kuwa yi wa mutum lissafi.

Saboda haka shiri ya riga talla. Mai ƙaramar sana'a ya zauna da littafi, ko ya sami malami ya rubuta masa, su wane ne masu sayen kayansa, a wane wata su ke saye, da kuma iyakar abin da zai iya kawowa ba tare da ya ci bashi ba. Lokaci shi ne babban abu a ƙasar noma. Mai taki wanda ya fara talla bayan an yi noman farko ya makara, gama tun bazara manomi ke ƙulla inda zai samo takinsa. Mai tumatir na fadamun Ɗanja kuwa kwanakinsa kaɗan ne, wajibi ne ya san mai saye da direban da zai ɗauka tun kafin a tsinka, in ba haka ba kwando ya ruɓe a bakin titi. Mai hatsi shi ke da sararin jira, in yana da rumbu mai kyau. Kowanne da irin tallan da ya dace da shi, kuma kuɗin da za a ɓatar wajen sayen data a rubuta su cikin kuɗin jari, kada a mai da su kamar kuɗin goro.

Game da tallan kansa, abu mafi amfani ga jama'ar karkara shi ne saƙon murya, domin wanda bai yi boko ba ma yana ji, yana amsawa. A faɗi sunan kaya, da ma'auni, da kuɗi, da ranar da aka yanka kuɗin. Zancen ma'auni ya fi sauran haifar da husuma. Tiyar wani gari ba ita ce ta wani ba, buhu kuma akwai mai cika akwai mai rama, saboda haka wanda ke ciniki da mutumin nesa gara ya faɗi nauyi da kilo. Hoton da za a aika ya zama na kayan da za a loda, ba na saman buhu da aka zaɓa ba. Mutum guda in ya cuci baƙo, baƙon ba sunansa zai riƙe ba, sunan garin zai riƙe, ya kuwa baza shi cikin zauren 'yan kasuwa na WhatsApp a yini ɗaya. Nan ne abin ya shafi Hakimi kai tsaye, tun da mutuncin kasuwa mutuncin ƙasarsa ne.

Masu aikin ilmi suna da nasu sharaɗi. Dokokin sana'ar lauyoyi da na likitoci sun taƙaita irin tallan da za su yi, ba a yarda su yi kirarin sun fi abokan aikinsu ba. Magani kuma ba a tallansa sai da iznin hukumar NAFDAC. Wanda ya ke so kamfanoni da bankuna su yi hulɗa da shi, ya yi rajistar sunan sana'arsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya buɗe asusu da wannan suna.

Akwai haɗari biyu da ya kamata dagatai da masu unguwa su ji daga bakin Hakimansu. Na farko saƙon banki na ƙarya. Mazambaci ya nuna takardar biya a fuskar waya, a ɗora masa kaya, sai bayan mota ta yi nisa a ga ba ko kwabo. Kada a saki kaya sai mai su ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗi sun shiga. Na biyu ya fi wannan nauyi. Ƙasar kudancin Katsina ta sha wahalar 'yan bindiga masu satar mutane, su ma kuwa suna da waya. Wanda ya ɗauki hoton rumbunsa cike, ko ya faɗi ranar da zai taso da kuɗi daga kasuwar Sheme, ya yi wa ɓarawo jagora. A nuna samfurin kaya, a ɓoye yawansu da wurin ajiyarsu.

Kada kuma a yar da tsohuwar hanya. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Ɗandume da Malumfashi, ba a buɗe ba sai wajen ƙarshen shekara. Wanda duk cinikinsa ke cikin waya ya zauna hannu rabbana, wanda ya riƙe dillalinsa da fatomansa, ya kuma rubuta sunayen abokan cinikinsa a littafi, ya ci gaba da saye da sayarwa. Haka aka sake gani a farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira tsabar kuɗi suka yi wuya, sai dai a wannan karo mai asusun banki ne ya tsira.

Abin da a ke roƙon malaman Hakimai shi ne, in an kawo ƙarar ciniki irin wannan, su nemi a nuna musu saƙonnin da aka yi musaya, su rubuta rana da ma'auni da kuɗin da aka ambata kafin a kai maganar gaban Hakimi. In sulhu ya gagara, wannan rubutu shi za a miƙa wa alƙali.