Jawabi Kan Jarabawar GMAT da Yadda Ake Ba da Makinta



Tsofaffin ɗalibanmu kan dawo su tambaye mu game da GMAT, jarabawar da manyan makarantun nazarin kasuwanci na Amurka da Turai ke dubawa kafin ɗaukar ɗalibin digiri na biyu. Wajibi ne mu san amsar da za mu ba su.

A tsarinta na yanzu, sassa uku gare ta: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutun Ingilishi 23, nazarin bayanai 20. Kowane sashe minti 45 ne, kuma darajarsu ɗaya. Jimillar maki daga 205 zuwa 805 take.

Ga inda gizo ke saƙa: kwamfuta ce ke zaɓo tambaya. In ɗalibi ya amsa daidai, ta ƙaro mai wuya. In ya kuskure, ta sassauto. Ke nan ana auna wuyar tambayoyin da ya ci, ba yawansu kaɗai ba. Wanda ya bar wasu ba amsa kuwa, a rage masa maki.

Saboda haka mu gargaɗe su: tambaya mai tsauri ba alamar faɗuwa ba ce, kada su maƙale mata har lokaci ya ƙure.