Yaƙin Basasar Kano a kan kwalin taliya

Yau hirarmu a kan wasa ce, amma kada kowa ya ajiye waya tukuna.

Duk wanda ya tashi a Gaya ko Ajingi ya san dara: gurbi talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci na abokin wasanka. Kafin shayi ya huce an tashi. To akwai wani wasa mai suna Diplomacy, wanda wani Ba'amurke, Allan Calhamer, ya fitar a 1959. Taswirar Turai ce ta 1901, mutum bakwai, kowa da ƙasarsa. Babu ɗan ludo da za ka jefa, balle ka ce sa'a ce ta ƙi ka. Akwai cibiyoyi 34, wanda ya kama 18 shi ya ci, kuma ba mai iya kama su shi kaɗai. Dole ka ja wani gefe ku yi ƙus-ƙus, ku ƙulla alkawari, sannan kowa ya rubuta umarnin sojojinsa a ɓoye, a buɗe takardun lokaci guda. Nan za ka gane ko wanda ya rantse maka ya cika. Wasa ɗaya yakan ci yini.

Ni da abokaina mun ari dokokin, muka canja taswira. Kwalin taliya muka shimfiɗa, muka zana ƙasar Kano ta 1893, murafan kwalba su ne dawaki.

Ga wanda bai san labarin ba: a shekarar ne Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake kira Ɗanyen Kasko, ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ce ba su yarda ba, suka fice daga birni tare da Yusufu, suka yi sansani a Takai. Yusufu ya rasu ana tsakiyar yaƙi, ƙanensa Alu ya karɓi ragama, ya shiga Kano a 1894. Tukur ya gudu ƙasar Katsina, ya rasa ransa a 1895.

Mutum uku suka ɗauki Tukur, Yusufu da Sarkin Musulmi. Sauran huɗun kowa ya riƙe gari: Gaya, Dutse, Rano, Ƙaraye. Mun ƙara doka ɗaya tamu: in damina ta faɗi, ƙetare kogin Wudil zagaye biyu yake ci, tunda a lokacin babu gada.

Wallahi wannan 'yar dokar ita ta buɗe mana ido. Ka ɗauka kai ke riƙe da Gaya. Takardar Sakkwato ta ce Tukur ne sarki. Madalla. Amma Tukur yana can ƙetaren ruwa, su kuwa dawakin Takai suna gefenka, kuma sun fi kusa da kai a kan birni. In ka ce kana bayan Tukur, kafin agajinsa ya iso an ƙone maka rumbuna. In ka bi Yusufu, ka saɓa wa Sarkin Musulmi, kuma in Tukur ya yi nasara ka san sauran. Akwai abokinmu da ya fi kowa kumfar baki cewa halacci na Tukur ne. Muka ba shi Gaya. Zagaye uku ya yi, sai ga shi a bayan ɗaki yana raɗa da mai riƙe da Yusufu. Dariya har da hawaye! Shi ko cewa ya yi, "To ku zo ku riƙe mana mu gani."

A makaranta sunaye da shekaru muka haddace. Ba wanda ya taɓa tambayarmu, da kai ne hakimi, da talakawa a wuyanka da hatsi a rumbu, ina za ka sa kai? Dare biyar muka yi kafin wasan farko ya ƙare, kuma Tukur ne ya ci, saɓanin tarihi, don mai riƙe da Yusufu ya ci amanar kowa tun da wuri, aka taru a kansa.

Wani dattijo da ya gan mu bai ji daɗi ba. Ya ce an zubar da jinin Musulmi a yaƙin nan, an raba gidaje, ku kun mai da shi abin nishaɗi. Maganarsa tana da nauyi, shi ya sa muka haramta yi wa kowane sarki ba'a a wurin wasa. Amma ni a ganina, matashin da ya kwana biyar yana tunanin abin da ya sa gari ke sauya sheƙa ya fi wanda ya kwana yana zagi a Facebook kan rikicin masarauta. Mu 'yan Gaya mun gani ai: a 2019 aka ba mu masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe ta, aka dawo da ita mai daraja ta biyu. Nawa ne cikin masu zage-zagen suka san Takai ta taɓa zama sansanin masu neman sarautar Kano?

Mai son gwadawa, ku nemi mutum bakwai da alƙali ɗaya mai karanta takardu, wanda ba ya wasa. Ku ɗauki hoton kwalin duk dare kafin a tashi, don akwai masu matsar da murfi in an juya baya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.