Dogon Hutu Da Nazarin Waƙa: Kira Ga Ɗalibanmu Masu Karatun Adabi

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a zaman karrama ɗalibai)



Muna godiya ga kwamitin ilimi da ya ga dacewar a ba mu wannan dama. An nemi mu yi tsokaci a kan yadda ɗaliban babbar sakandare masu karatun adabi za su ci moriyar dogon hutu. Za mu fi mayar da hankali ga rubutacciyar waƙa, domin mu da muka tsufa da alli a hannu mun sha ganin cewa a nan ne ƙafar ɗalibi ta fi zamewa.

Shekarar ƙarshe gajera ce

Dogon hutu yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, mako shida ko bakwai, a tsakiyar damina. Ɗalibin da ya gama aji biyu zai ɗauka yana da sauran shekara guda cif a gabansa. Ba haka abin yake ba. Zango biyu kaɗai zai samu na cikakken karatu, su ma rajista da jarrabawar gwaji da bita za su ci rabonsu. Kafin ya farga JAMB ta zo, WAEC ta biyo baya a watannin Mayu da Yuni, NECO kuma tana dafe da ita. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai karanta littattafansa a wannan hutu ba, da wuya ya ƙara samun sararin karanta su daga bango zuwa bango.

Idan lokaci ya ƙure, sai yaro ya koma ga 'yan ƙananan takardun nan na taƙaita labari da ake sayarwa a bakin makaranta, ko abin da aka turo masa ta WhatsApp. Zai haddace cewa jigon waƙa kaza shi ne wa'azi, alhali bai taɓa jin baiti ɗaya nata ba. Ranar da mai tambaya ya ɗauko baiti daga tsakiyar waƙar ya ce a yi sharhi, sai ido ya raina fata. Hasarar kuwa ta wuce ta maki. Yaron ya bar makaranta bai san gadon gidansu ba.

Abin da za a karanta

Matakin farko shi ne ɗalibi ya je wurin malaminsa kafin a rufe makaranta, ya karɓi jerin littattafan da hukumomin jarrabawa suka zaɓa wa shekararsa, domin sukan sauya su bayan 'yan shekaru. Waɗannan su ne farilla: na zube, na wasan kwaikwayo, da na waƙa, tare da adabin baka.

Bayan farilla sai nafila, wato littattafan da suka kafa harsashin adabinmu na boko. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari. A wannan zamani ne aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A fagen wasa akwai Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi. Akasarinsu ba su da kauri. Shafi 10 a kullum, cikin kwana 40 ya zama shafi 400. Da yayyafi kogi kan cika.

A san mawaƙi da zamaninsa

Idan muka dawo ga waƙa, abu na farko shi ne a san wanda ya yi ta, da halin da ya sa ya yi ta. Rubutacciyar waƙar Hausa ta girmi boko nesa ba kusa ba. Da ajami aka fara rubuta ta, ta kuma bunƙasa a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da almajiransu, waɗanda suka mai da ita hanyar karantar da jama'a. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa jajoji waɗanda ke jagorantar mata 'yan taru daga ƙauyuka, su zo su koyi waƙoƙin, su koma su koyar da 'yan'uwansu. 'Ya'yanmu mata, ku riƙe wannan, kuna da gado a wannan fage.

A ƙarni na 20 kuma waƙa ta shiga harkar duniya. Ɗalibi ba zai fahimci Maraba Da Soja ta Sa'adu Zungur ba sai ya san cewa 'ya'yan ƙasar nan sun je Yaƙin Duniya na Biyu har Burma, an gama yaƙin a 1945, suka dawo gida. Haka nan Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya, wadda ya yi a wajen 1950, lokacin da ake ja-in-ja a kan tsarin mulkin Nijeriya da makomar sarautu. Wanda bai san wannan ba zai yi mamakin abin da ya kawo zancen ƙasar Indiya a cikinta. Mu'azu Haɗeja ya yi gargaɗi a kan giya da karuwanci, ya kuma kwaɗaitar da neman ilimi. Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya, gwani ne na sarrafa harshe. Na'ibi Sulaiman Wali kuwa ya yi Waƙar Damina. Ina lokacin da ya fi dacewa da karanta ta irin watan Agusta, hadari na gangami, gero na bununi, yaro na ganin abin da mawaƙin ya siffanta da idonsa?

Kunne kafin ido

Abu na biyu shi ne muhimmin saƙonmu na yau. Waƙar Hausa don a rera ta aka yi ta. Wanda ya karanta ta shiru kamar labarin jarida, ya ga gangar jikinta ne kurum. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji, da kunne kuma ta yaɗu a ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. A kwalejojin horon malamai na zamaninmu, ɗalibi yakan miƙe gaban aji ya rera baitocinsa da ka kafin a shiga sharhi. Dalili kuwa shi ne, abubuwa biyu da suka fi ba ɗalibi tsoro, wato kari da amsa-amo, kunne ne ke gane su cikin sauƙi.

Mu ɗauki kari. Malamanmu na da sun ari ma'aunin aruli na Larabawa, wanda Halilu ɗan Ahmad na birnin Basra ya tsara, ya fitar da bahari 15, aka ƙara ɗaya a bayansa suka zama 16. Abin ya zauna wa Hausa daram domin ita ma tana da gaɓa iri biyu: mai nauyi da marar nauyi. Gaɓar da ke da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda ta ƙare da baƙi, ita ce mai nauyi. Wadda ke da gajeren wasali kawai, marar nauyi ce. Ku furta kalmar "takarda" sannu a hankali: marar nauyi, mai nauyi, mai nauyi. Wannan shi ne awon da masu aruli ke kira fa'uulun, ƙafar da ake gina baharin Mutaƙarab da ita. Ku furta "damina": mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi, wato faa'ilun. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido ba zai ga wannan a takarda ba. Sai an furta.

Haka batun amsa-amo. Babban amsa-amo shi ne gaɓar da ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa har ƙarshenta, ƙarami kuwa shi ne wanda ɗangayen cikin baiti ke tarayya a kansa. Wanda ya rera Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya sau ɗaya ba zai manta cewa da "ya" take sauka ba.

Feɗe waƙa

Sai waƙa ta zauna a baki sannan a ɗauko alƙalami. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa manazarta hanya a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, kuma ɗalibi na iya bin sawunta gwargwadon matakinsa. Ya keɓe littafin rubutu guda, kowace waƙa da shafukanta. Ya rubuta tarihin mawaƙi a taƙaice. Ya duba zubi da tsari: ƙwar biyu ce, ko ƙwar huɗu, ko ƙwar biyar, ko kuwa tahamisi ne aka yi wa waƙar wani? Yaya aka buɗe ta, yaya aka rufe ta? Ya fito da babban jigo da ƙananan jigogi, kowanne da baitin da ya zama hujjarsa. Sannan ya koma ga salo: kamantawa, da siffantawa, da mutuntarwa, da karin magana, da aron kalmomin Larabci ko Turanci, da karin harshen da mawaƙin ya yi amfani da shi. Kada ya tsaya ga cewa akwai kamantawa a baiti na bakwai. Ya faɗi me aka kamanta da me, kuma wane aiki ta yi wa saƙon waƙar. A nan ake bambanta mai hadda da mai fahimta.

Kalmar da ta shige masa duhu, ya duba ƙamus. In bai samu ba ya tambayi kakarsa, ko limamin unguwa idan ta Larabci ce. Masu karatun adabin Turanci ma wannan hanya za ta fisshe su, musamman da yake akan kawo musu waƙar da ba su taɓa gani ba a ce su yi nazarinta nan take.

Hakkin da ke kanmu

'Ya'yanmu, mun san akasarinku kuna gona ko kasuwa ko aikin gida a wannan hutu, kuma taimakon iyaye wajibi ne. Abin da muke nema sa'a guda ce a yini, da baiti biyu na hadda. Cikin kwana 40 kun mallaki baiti 80. Ana iya rera su a bakin kunya, ana iya rera su a gindin murhu. Wayar da ke hannunku ma tana da amfani: ku ɗauki muryarku kuna rerawa, ku saurara, za ku ji inda kari ya karye.

Iyaye, wanda ya iya sayen katin waya zai iya sayen littafin waƙa. Ku bar 'ya mace ta samu sa'arta ta karatu kamar ɗan'uwanta.

Ga ƙungiya kuma muna da roƙo uku. A sayi kofe biyar-biyar na littattafan manhaja a ajiye inda ɗalibi zai ara ya mayar. A buɗe aji guda a makarantar firamare sau biyu a mako lokacin hutu, tsofaffin malamai da 'ya'yanmu da ke jami'a su riƙa zama da ɗalibai. Sannan a sa gasar rera waƙa da sharhinta a cikin shirin taron baɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuma da muka yi ritaya a shirye muke mu ba da lokacinmu kyauta.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, ya ja zamanin iyayenmu sarakuna, ya mai da kowa gidansa lafiya.