Hutu da Tukwici: Abin da Ɗalibi Ke Yi Idan Ya Rufe Littafi

 

An ce in yi magana kan yadda ɗalibi zai tara hankalinsa wuri guda a kan karatu. Ni kuwa zan ɓullo wa zancen ta inda ba a saba ba, wato lokacin da aka rufe littafi. Na lura yawancin masu kukan cewa karatu ba ya zama musu, ba a wajen karatun suke tabka ɓarna ba, a wajen hutun ne.

Kun san yadda ake yi. Jarrabawa saura kwana biyu, ɗalibi ya ɗauki darduma da filas ɗin shayi ya nufi aji, wai zai kwana karatu. Ya yi minti 40, ya ce bari ya ɗan taɓa waya. Kafin ya ɗago kai, ladan ya yi kiran farko. Ni ma na yi kwanan aji, kada ku ɗauka wa'azin wanda bai taɓa ba ne. A zamaninmu babu waya, amma akwai teburin mai shayi, kuma ya ci mana darare da yawa.

Mu fara da dalilin hutun kansa. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya jira, sannan ya auna abin da ya zube. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma haddar da ta ci masa maimaici 68 a zama ɗaya, maimaici 38 ya ishe ta idan ya rarraba shi a kwana uku. Duk wanda ya zauna gaban alaramma bai buƙaci Bajamushe ya faɗa masa wannan ba. Tsangaya a kan tilawa da tishi ta ginu, yau a biya, gobe a koma, jibi a sake komawa, ga kuma hutun Alhamis da Juma'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Barci ma yana cikin karatun. A 1924, a jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach sun sa ɗalibai biyu hadda, wani lokaci su kwanta bayanta, wani lokaci su shiga harkokinsu. Abin da suka riƙe bayan barci ya fi yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka mai kwanan aji da goro a baki yana zuba ruwa ne a kwando, mai ƙailula bayan azahar kuwa bai yi lalaci ba.

To, yaushe za a huta? Da yawanku sun ji labarin tsarin Pomodoro, wanda Francesco Cirillo, ɗalibi a Italiya, ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1980 da wani agogon kicin mai siffar tumatir: karatu minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Yana da amfani ga wanda fara karatu ke masa nauyi. Amma minti 25 ba wahayi ba ne. Mai warware lissafi da ya kama zare, agogo ya katse shi, an cuce shi. Mu kam salla ta riga ta yanka mana yini gida-gida. Tsakanin magariba da isha'i zama ɗaya ne cikakke, ga mafari ga ƙarshe, babu mai buƙatar tumatir.

Inda na fi so mu daɗe shi ne irin hutun. Hutu mai kyau yana da gindi, wato yana ƙarewa da kansa. Ka tashi ka yi alwala, ka zagaya gida, ka ɗebo ruwa, ka sha kofin kunu. Kofi yana ƙarewa. Alwala tana ƙarewa. TikTok fa? Rijiya ce gaba dubu. B. F. Skinner ya nuna da tantabaru cewa idan tsaba tana faɗowa ba a san lokacin faɗowarta ba, tsuntsu ya fi nacewa da sara, ya yi ta yi ba ji ba gani. Haka waya take. Bidiyo uku banza, na huɗu ya ba ka dariya, sai ka ce bari in ga na gaba. Kuma idon da ya gaji da kallon takarda, da ƙwaƙwalwar da ta gaji da karɓar sabon abu, su ne dai ka sake ɗora wa kaya. Wannan ba hutu ba ne, canjin uban gida ne.

Ban ce a jefar da waya ba. Cewa na yi a ɗauke ta daga layin hutu a mayar da ita layin tukwici. David Premack ya bayyana a 1959 cewa abin da rai ke so yana iya jan abin da rai ke ƙyuya, muddin an sa shi a baya. Iyayenmu mata sun riga shi: gama wanke-wanke, sannan ki tafi gaɗa. Kallon ƙwallo, fim, hira da abokai, tsire a bakin titi, duk halal ne bayan aiki. Matsalarmu muna karɓar ladan kuturu tun kafin aski, daga baya askin ya gagara.

Sai dai a lura da abin da ake ɗaura tukwicin a kansa. Kada ka ce "idan na zauna awa uku". Zama ba karatu ba ne, ana iya awa uku ana kallon shafi guda. Ka ce "idan na amsa tambayoyi 20 na JAMB na shekarun baya", ko "idan na rufe littafi na faɗi babin nan da ka". Ku tuna makarantar allo. Malam bai taɓa tambayar yaro tsawon zamansa ba. Ka kawo karatunka daidai, a ce je ka wanke. Wanke allon nan, wallahi, har yau ban ga tukwicin da ya kai shi daɗi ba, kuma ko sisi ba a kashe. Manyan kuma suna can gaba: sadaka idan an kai wani mataki, allo mai zayyana da walima ranar sauka. Ƙaramin aiki ƙaramin tukwici, babba babba.

Iyaye, saura ku. A 1973 Lepper, Greene da Nisbett sun yi gwaji da yaran wata makarantar reno a Stanford, yaran da dama can suna son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu aka ba su ita ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan mako ɗaya zuwa biyu, waɗanda aka yi wa alkawari su ne suka rage taɓa alƙalamin zane. Abin da yake wasa a wurinsu ya koma ƙwadago. Don haka yarinyar da ke ɗaukar littafin labari da kanta, kada a ce za a biya ta a kan kowane shafi. A saya mata wani littafin. Alkawarin kyauta a ajiye shi don darasin da yaro ke gudu.

Ku kuma ɗalibai, roƙona guda ne. Yau bayan magariba, kafin ka buɗe littafi, rubuta a takarda aikin da za ka gama da abin da za ka ba kanka idan ka gama. Wayar kuma ka miƙa wa Inna ta riƙe maka sai an idar da isha'i.