A auna nisa kafin a ja baka

Wani sarkin baka na ƙasar Dungas ya yi jawabi ga ƴan karatun manya a Magariya.

Ya ce kibiya in ta yi nisa, ƙasa take sunkuyawa. Don haka maharbi ya koyi awo: ya dubi gawo, ya kintaci taki nawa ne, sannan ya taka ya ƙidaya. Kullum haka, har ido ya saba.

Gada ko barewa in ta wuce taki 30, a ƙyale ta. Harbin nesa rauni ne kawai. Dabba ta ɓace da kibiya, ta mutu a banza.

Ya ce barewa ta yi ƙaranci. Akwai dokar farauta ta 1998. Kowa ya tambayi ma'aikatan daji kafin ya fita.