GANI YA KORI JI: ZIYARAR GANDUN YANKARI



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa a yammacin nan shi ne fita shaƙatawa zuwa gandun daji. Na san da jin haka wasunmu za su ce a ransu, ina ɗalibi ina yawon kallon namun dawa, ga jarrabawa a gaba, ga aljihu ba nauyi? Wasu kuma za su ce ai wannan al'adar Turawa ce, mu da muka taso a ƙauye me za a nuna mana a daji? To, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Zan ɗauki gandu guda, watau na Yankari da ke Jihar Bauci, in faɗi abin da ke cikinsa da halin da yake ciki, sa'an nan in kawo dalilin da ya sa nake ganin zuwanmu can yana daga cikin abubuwan da za su sa gandun ya ɗore, rashin zuwanmu kuwa ya taimaka wajen lalacewarsa.

Bari mu fara da asali. A shekarar 1956, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, gwamnatin Jihar Arewa ta amince a keɓe wannan daji domin kare namun da ke cikinsa. A watan Disamba na 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun ƙasa, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauci da abinta. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Wanda ya taso daga garin Bauci zai bi hanyar Gombe har Dindima, daga nan ya karkata zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji. Daga ƙofar kuma akwai tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin a isa masaukin baƙi na Wikki. Duka-duka tafiyar ba ta wuce kimanin kilomita 110 ba, watau mai fita da hantsi zai yi sallar azahar a can.

Me mutum zai gani? Kogin Gaji shi ne jijiyar gandun, ya ratsa shi ta tsakiya. Da damina ciyawa kan yi tsawo, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi su bazu, mai ziyara ya sha wahalar ganinsu. Amma idan rani ya yi, tun daga Disamba har zuwa Afrilu, tafkuna sukan ƙafe, ƙishirwa ta koro kowa zuwa bakin Gaji. A nan ne ake cin karo da garken giwaye, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da mugun dawa, ga dorina da kada a cikin ruwa, ga tsuntsaye iri fiye da 350. Zaki ma yana nan, ko da yake ganinsa sai mai rabo. Ina so ku lura da waɗannan sunaye. Dukkansu na Hausa ne, muna jin su a tatsuniya da karin magana da kirarin mafarauta, amma in aka jera mu nan aka ce kowa ya bambanta gwanki da kanki, mutum nawa ne za su iya? Harshe ya riƙe mana sunayen, ido kuwa bai san masu su ba. Ɗalibin da ke nazarin adabin Hausa, wanda ya rubuta takarda a kan kirarin giwa alhali bai taɓa jin ƙasa ta amsa takunta ba, karatunsa da saura.

Bayan dabbobi akwai ruwan ɗumi na Wikki, wanda ke ɓulɓulowa daga gindin wani dutse ya kwanta garau tsawon kimanin mita 200, har mutum yana hango yashin ƙasansa. Zafinsa digiri 31 ne a ma'aunin Salsiyas, ba ya canjawa dare da rana, ko da hunturu ko da bazara. Wanda ya shiga shi da asubahin sanyi, tururi na tashi a kansa, ya san an yi ni'ima a wurin.

Masu sha'awar tarihi su ma ba za su dawo hannu rabbana ba. Akwai kogunan dutse guda 59 da mutanen da suka sassaƙa da hannu, waɗanda ake kira da sunan Marshall, Baturen da ya bayyana su ga masana a 1980. Ana kyautata zaton a cikinsu mutane ke ɓuya a zamanin hare-haren kamun bayi. Akwai rijiyoyin Dukkey fiye da 130 da aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa. Akwai kuma kufan matoyar tama, inda maƙeran da suke narka ƙarfe. Ashe dajin da muke gani kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba, gari ne na wasu kafin mu.

Wannan shi ne ɓangaren daɗi. Yanzu kuma ga na ɗaci. Raƙumin dawa ya ƙare a Yankari, haka ma kyarkeci. A 2006 an ƙidaya giwayen gandun ta jirgin sama aka sami 348. A 'yan shekarun da suka biyo baya masu neman haure suka yi musu ɓarna ƙwarai, ko da yake tun 1989 aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, har aka wayi gari masu kula da su na ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Game da zaki kuwa, wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa a duk Afirka ta Yamma saura kimanin 400, kuma a Nijeriya wurare biyu kaɗai aka tabbatar da su, Yankari da gandun Kainji. Ga mafarauta masu ɗana tarko, ga garken shanu da ake kutsawa da su ciki, ga masu saran itace. Ma'aikatan gandun, waɗanda ke kwana a daji suna sintiri da ƙafa, wasunsu sun rasa rayukansu a hannun 'yan farautar sata. Tun daga 2014 wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka, wadda ake kira WCS a taƙaice, ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauci tana taimakawa wajen sintiri, kuma kisan giwaye ya ragu sosai. Wannan abin yabo ne. Amma ina tambaya, har yaushe za mu bar wa mutanen wata ƙasa damuwa da giwayenmu?

Kada kuma mu manta da manoman da ke zaune kewaye da gandun. Giwa ba ta san iyaka ba. A dare ɗaya garke zai faɗa gonar dawa ko masara ya share wa mutum wahalar shekara. Manomin da aka yi wa haka, idan bai ga wani amfani da gandun ke kawo wa ƙauyensu ba, yaya za a yi ya so shi? Ranar da ɗan farautar sata ya biyo ta ƙofar gidansa, kawar da kai zai yi, kuma da wuya a ga laifinsa.

To, a nan ne ziyara ta shigo. Baƙon da ya biya kuɗin ƙofa, ya kama ɗaki, ya ɗauki ɗan jagora, ya sayi zuma ko tsire a Mainamaji, ya sa gandun ya zama hanyar abinci ga mutanen yankin. Wanda ɗansa ke aikin jagora ko tuƙi a Wikki ba zai so a harbe giwar da ake zuwa kallo ba. Haka kuma gwamnati, kamar yadda yayyenmu ma'aikata suka fi ni sani, tana duban inda idon jama'a yake ne kafin ta saki kuɗi. Wurin da motocin ɗalibai ke shiga kowane mako, ake rubutu a kansa a jarida, ake ƙorafi in hanya ta lalace ko famfo ya daina zuba, da wuya a yi watsi da shi. Wanda ba mai zuwa kuwa, albashin masu gadinsa ne zai fara makara.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku dubi Sambisa ta Jihar Barno. Gandun namun daji ce, a shekarun 1970 ana kai baƙi kallon giwaye da jiminu, har da ɗakunan saukarsu. Aka yi sakaci da ita, baƙi suka ɗauke ƙafa, ɗakuna suka rushe, masu gadi suka ragu. Yau duk duniya an san sunanta, amma da Boko Haram aka san shi. Ku dubi Kamuku ta Birnin Gwari, wadda aka mai da ita gandun ƙasa a 1999, yadda 'yan bindiga suka mai da dajin yankin mafakarsu. Ban ce rashin masu yawon buɗe ido kaɗai ya jawo wannan ba, dalilai suna da yawa. Sai dai darasin a fili yake: dajin da mutanen kirki suka ƙaurace wa, wasu za su tare a cikinsa. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe, don kuwa a 2025 an kai hare-hare a wasu ƙauyukan Alkaleri kanta.

Domin kada in bar ku da baƙin labari kaɗai, bari mu leƙa maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai ragowar raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda a da suke yawo har ƙasarmu. A 1996 saura 49 kacal a duniya. Gwamnatin Nijar ta tsaurara hana farautarsu, aka horar da samarin ƙauyuka suka zama 'yan jagora masu samun abin sawa a baki daga baƙi, aka riƙa tallafa wa manoman da dabbobin ke taɓa wa wake. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji da ke Jihar Maraɗi. Harin da 'yan bindiga suka kai a Kure a watan Agusta na 2020, inda aka kashe mutum takwas, ya kori baƙi ya jefa 'yan jagora cikin wahala, wannan gaskiya ne. Duk da haka an riga an nuna cewa dabbar da ta kusa ƙarewa tana iya farfaɗowa idan talakan da ke zaune kusa da ita ya ga ribarta.

Saura yadda za a yi tafiyar. Ɗalibi ɗaya ba zai iya ba, amma ashirin za su iya. A yi karo-karo tun farkon zangon karatu, a ɗauki hayar bas guda, a sa ranar a cikin rani. Ma'aikata kuma su haɗa kai da abokan ofis, su ware kwana biyu daga hutun shekara. Kafin a tashi a tuntuɓi hukumar gandun game da masauki da halin hanya, a yi tafiya da rana, kada a yi dare. A ɗauki takalmin da ya rufe ƙafa, da hula, da ruwan sha, da maganin sauro, da littafin rubutu. Fita kallon dabbobi da sassafe ake yi ko da la'asar sakaliya, cikin mota, tare da ɗan jagora, kuma maganarsa ita ce doka: in ya ce a yi shiru a yi shiru, in ya ce kada a sauka kada a sauka. Giwa mai ɗa ba ta san wasa ba. A masaukin Wikki a riƙa kulle ƙofa da taga, gama gwaggon biri ya ƙware wajen fizge abinci, kuma ba shi da hannu shi ke ƙara masa tsaurin ido. Kada a jefar da leda ko kwalba, kada a kunna wuta a ciyawa, kada a kai sabulu cikin ruwan ɗumi. Rediyo da kiɗa a bar su a ɗaki, daji yana da nasa sautin. Abu na ƙarshe, kada a sayi naman daji ko fata ko wani abin haure a hanya, domin wanda ya saya shi ya aiki maharbin.

'Yan'uwana, a cikin ɗakin nan akwai waɗanda nan da 'yan shekaru za su zama manyan sakatarori, da daraktoci, da alƙalai, da shugabannin makarantu. Wata rana fayil zai iso teburin ɗayanku, ana neman a yanki gandu a yi gona, ko a rage kuɗin sintiri, ko a sassauta wa wanda aka kama da haure. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gaji da yamma ya ga giwaye sun gangaro shan ruwa da 'ya'yansu a tsakiya, hannunsa zai yi nauyi kafin ya sa a wannan takarda. Wanda bai taɓa gani ba kuwa, suna ne kawai a kan taswira. Saboda haka nake ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su sa tafiya Yankari cikin tsarin ayyukan bana, a buɗe rajistar masu zuwa tun yau kafin a watse.

 Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.