MATAMBAYI BA YA ƁATA: JAWABI KAN RUMFAR AJIYE KEKUNA DA BABURA

 

An umarce ni in yi magana a kan shawarar da ke gabanmu, wato mu ɗebi kuɗi daga asusun ƙungiya mu gina rumfar kwano a bakin ƙofar makarantarmu, inda ɗalibai da malamai za su riƙa ajiye kekuna da babura suna biyan ɗan wani abu, ƙungiya kuma ta samu kuɗin shiga. Shawara ce mai kyau, kuma da kyakkyawar niyya aka kawo ta. Roƙona guda ɗaya ne: kada mu sayi kwano ko falle ɗaya sai mun je mun tambayi waɗanda muke sa ran za su biya.

Dalili kuwa shi ne, yawan kekunan da muke tunawa na zamaninmu ne. Tun daga lokacin, rashin tsaro ya tashi iyalai da dama daga ƙauyukan Isa da Sabon Birni, wasu sun koma Sakkwato, wasu har jihar Maraɗi. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Saboda haka yaro nawa ne yau ke fitowa daga Kamarawa ko ƙauyukan kewaye a kan keke, malami nawa ne ke iya zuba mai kullum? Sai an je an ƙirga.

Wani zai ce ai masu gadin babura suna samu a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Gaskiya ne. Amma ɗan kasuwa da kuɗi a aljihu ya zo, kuma zai bar baburinsa cikin baƙi yini guda. Ɗalibi kuwa kuɗin tara kawai gare shi, ga inuwar dalbejiya kyauta kusa da tagar ajinsu.

To, yaya za a yi tambayar? Wani marubuci mai suna Rob Fitzpatrick ya fitar da littafi a 2013, The Mom Test, wanda jigonsa shi ne mai ƙaunarka ba zai kushe shawararka a gabanka ba. Mu nan abin ya fi haka, domin akwai kunya. In babban mutum ya ce da yaro, "Za ka biya naira 50 a tsare maka keke?" zai durƙusa ya ce, "Zan biya, ranka ya daɗe," alhali ko sisi ba ya da shi. Don haka kada mu ambaci rumfa ko kaɗan. Mu tambaye shi abin da ya riga ya faru. Jiya ina ka ajiye kekenka? An taɓa cire maka famfo ko a sace iskar taya? Yaushe? Me ka yi? Nawa ka kashe wurin mai faci a watan jiya? Ka sayi kwaɗo ko sarƙa? Yaron da bai taɓa sayen kwaɗo ba, da wuya ya biya mai gadi.

Kuma ba ɗalibai kaɗai za a tambaya ba. Uba shi ke ba da kuɗin, sai a same shi a ƙofar gida. Shugaban makaranta shi ke da ikon fili, kuma shi ya san abin da ma'aikatar ilimi ta yarda a karɓa daga hannun yara. Mai gadi da mai faci kuwa sun fi kowa sanin ɓarnar da ake yi. Ina ba da shawara ƙannenmu da suka gama kwanan nan su tambayi yara maza, 'yan'uwanmu mata su tambayi 'yan mata, kowa shi kaɗai, a rubuta amsa yadda ta fito.

In amsoshi sun nuna akwai buƙata, sai gwaji. Turaku, igiya, zana da katin lamba sun isa, tare da mai gadi ɗaya na mako huɗu. Mu yi lissafi tun yanzu: keke 30 a kan naira 50 ya kama naira 1,500 a rana, wato naira 30,000 a kwana 20 na karatu. Mafi ƙarancin albashi da dokar 2024 ta tsayar naira 70,000 ne, ga kuma watannin hutu da ba mai ajiye komai. Mu amince a wannan zama a kan adadin da in ba a kai shi ba za mu haƙura, don kada son abin ya rufe mana ido daga baya.

Mai yiwuwa tambaya ta nuna mana cewa damuwar yaran faci da kayan gyara ce, ba wurin ajiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In haka ta kasance, sai mu karkata kuɗin can.

Jama'a, kuɗin nan gumin mutane ne. Akwai wanda ya rage cefanen gidansa ya biya kuɗin wata, akwai ɗan fansho cikin malamanmu da ya sa hannu. In muka gina rumfa awaki suka gaje ta, gobe ba mai sake amsa kiranmu. Ina roƙon a naɗa kwamitin mutum biyar yau, su kawo rahoto a zama mai zuwa.

Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.